Kirsimeti, hunturu da "ranar dambe": amsoshin tambayoyinku

Tun da Disamba ta kama tambayoyin da ake aiko mini suka koma gefe guda. Na tsinci waɗanda suka fi nama a jiki, sauran sai wani jiƙon.

Wani ɗalibi daga Zonkwa ya ce: "Malam, kalmar Kirsimeti Hausa ce? Me take nufi, kuma me ya sa wasu ke rubuta Kirsimati?"

Ɗana, Hausa ce yanzu, amma baƙuwa ce da ta yi gida. Daga kalmar Turanci Christmas muka aro ta, ita kuwa kalmomi biyu ne aka ɗinke: Christ da mass. An same ta a rubuce a tsohon Turanci tun shekarar 1038.

Ta farkon ba Turanci ba ce. Girkanci ce, Kristos, wato wanda aka shafe da mai, kuma su ma Girkawan fassara suka yi daga Mashiah ta Ibrananci. Isra'ilawan zamanin da ba rawani suke naɗa wa sabon sarki ba, mai ake zuba masa a ka. Wannan kalmar ce Larabawa suke kira Al-Masihu, muka ce Almasihu. Duk wanda ya yi karatun alwala a zaure ya san mas'hu, shafar kai, tushensu ɗaya. Ashe Almasihu da Kristi ma'anarsu ɗaya, hanya ce ta raba su: ɗaya ta keto Sahara tare da Larabci, ɗaya ta biyo ta bakin teku tare da 'yan mishan.

Ta biyun ce ta fi burge ni. Mass ita ce babbar ibadar cocin Katolika, daga missa ta Latin, kalmar da limamin coci ke sallamar jama'a da ita idan an idar. Kenan asalin Christmas sunan ibada ne, sannu a hankali ya lulluɓe yinin gaba ɗaya har da girki da sababbin kaya. To ka dubi tamu kalmar, sallah. Daga salat take, ibada. Saboda sallar idi da ake fita da safe, sai sunan ya bi yinin, har muka samu kayan sallah, tuwon sallah, goron sallah, hawan sallah. Bahaushe da Bature ba su yi shawara ba, amma abu ɗaya suka yi wa kalmominsu. Shi ya sa idan tsohuwa a ƙauye ta ce "sallar Kiristoci", ban ganin ta yi kuskure.

Batun furuci kuwa, Hausa ba ta son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, sai ta cusa wasali, kamar yadda ta yi a burodi da fulawa da Kirista. Yarbawa suka ce Keresimesi, mu muka ƙare da "ti". A ganina kunne ne ya ja ta zuwa sahun asibiti da siminti da tikiti. Kirsimeti da Kirsimati duk ana ji, kada ka yi faɗa da kowa a kai. 'Yan'uwanmu na Nijar su kan ce Nowel, daga Noël ta Faransanci, wadda ta fito daga natalis ta Latin, wato haihuwa. Larabawa Kiristoci suna cewa Idul Milad, ɗan'uwan kalmarmu ta maulidi.

Wata malamar firamare daga Jos ta rubuto: "Yara sun tsare ni da tambaya. Ta yaya aka san ranar 25 ga Disamba ce, kuma me ya sa wasu ƙasashe ke yin nasu a Janairu?"

Malama, yaranki sun taɓo inda masana suka daɗe suna jayayya. Linjilar Matiyu da ta Luka sun ba da labarin haihuwar Yesu Almasihu, har Luka ya ambaci makiyaya a daji da dare da komin dabbobin da aka kwantar da jaririn, amma babu wadda ta faɗi rana ko wata. Kiristocin farko ma ba haihuwar suka fi yi wa biki ba, Ista, bikin tunawa da tashin Yesu daga matattu, ita ce babbar ranarsu. Shaidar farko ta bikin 25 ga Disamba daga birnin Rum take, ta shekarar 336, a cikin wani kundin kwanaki da aka kwafa a 354. Shekara ɗari uku da wani abu kenan bayan haihuwar.

Bayani biyu ake yi. Na farko ya ce ranar ta tarar da biki a wurin. A lissafin Rumawa 25 ga Disamba ce ranar da yini ke daina raguwa ya fara tsawo, kuma wannan kundin na 354 ya nuna ta a matsayin ranar haihuwar "rana wadda ba a rinjaye ta", wato ranar nan da ke sama, abin bautar da sarki Aurelian ya gina wa haikali a 274. Kafin ita kuma akwai Saturnalia, daga 17 zuwa 23 ga wata, lokacin ciye-ciye da kyaututtuka da kunna kyandir, har iyayengiji kan yi wa bayinsu hidimar abinci. Bayani na biyu lissafi ne kawai: wasu malaman coci sun ɗauka cewa ranar 25 ga Maris aka ɗauki cikin Yesu, a ƙara wata tara, sai ga 25 ga Disamba. Masu son gajeren labari su kan riƙe na farkon su ce an gama magana. Ni ban ga abin da zai hana biyun haɗuwa ba. Lissafi ya kawo rana, ranar kuma ta faɗo daidai lokacin da gari ya saba da shagali, sai ta zauna daram.

Masu yi a Janairu kuwa ba su sauya rana ba, kalanda ce ta bambanta. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara tsohuwar kalandar Julius Kaisar, wasu coci-coci ba su bi ba, yanzu tsohuwar tana baya da kwana 13. Don haka bikin Kibɗawan Masar da Habasha da Rasha da Sabiya ya kan faɗo 7 ga Janairu. Armeniyawa nasu daban ne, 6 ga Janairu, tsohuwar al'adar gabas da ke haɗa haihuwar Yesu da baftismarsa a rana ɗaya. Bikin Magaji ba ya hana na Magajiya.

Ga wani abu da za ki ba yaran su yi mamaki: Disamba daga decem take, goma a Latin, alhali ita ce wata na 12. Tsohuwar shekarar Rumawa daga Maris take farawa.

Wani mai fassara a gidan rediyo ya ce: "Malam, kullum muna fassara winter da hunturu. Daidai ne?"

Abokin aiki, dole ce ta sa, kuma ban da wadda ta fi ta da zan ba ka. Sai dai ka san abin da ke zubewa a hanya. Hunturu a wurinmu iska ce busasshiya da hazo da kaushi da fason ƙafa, ga rumbu cike don ba a daɗe da kaka ba. Nasu kuwa duhu ne kafin komai. A Landan yinin ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba, a Kano yana kusan awa 11 da rabi. Ƙasa ta daskare, itatuwa sun zubar da ganye, babu ciyawa, manomi kan yanka dabbobin da ba zai iya ciyarwa ba. Wanda bai riƙe wannan hoton ba, rabin al'adun bikin ba za su yi masa ma'ana ba.

Ɗauki kyandir da fitilu da babban gungumen da ake sa wa a murhu. Mutanen arewacin Turai suna da bikin tsakiyar sanyi mai suna Yule tun kafin Kiristanci ya iso musu, kuma har yau a Suwidin da Norwe da Denmak sunan Kirsimeti kenan, Jul. Ɗauki bishiyar nan da ake ƙawata wa. Irin itacen da ba ya zubar da ganye ne, shi kaɗai ke kore idan dawa ta yi fari fat. Bahaushe ya san irin wannan girmamawar, don gawo ma da rani yake ganye lokacin da sauran suka tuɓe. Al'adar shigar da itacen ɗaki daga yankunan Jamusawa ta fito a ƙarni na 16, kuma akwai bayanin da aka rubuta a Strasbourg a 1605 na itatuwan da aka rataya wa furannin takarda da tuffa da kayan zaƙi. Ta yaɗu a Ingila bayan wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert, wanda Bajamushe ne, tsaye da 'ya'yansu a gindin irin bishiyar a 1848. Abin da gidan sarauta ya yi, gari ya ɗauka. Wannan duka kayan Turai ne, ba na Baitalami, garin da aka haifi Yesu, ba.

Af, ka yaba wa wanda ya fara cewa dusar ƙanƙara. Bai taɓa ganin abin ba wataƙila, amma ya san dusa ya san ƙanƙara, ya haɗa, kuma ta fito.

Wani matashi daga Sabon Garin Kano: "Boxing Day ranar dambe ce?"

A'a ɗana, ajiye zaren damben. Box ɗin nan akwati ne. A Ingila washegarin Kirsimeti ne ake ba barori da masu kawo saƙo ɗan akwatin kyauta, a sallame su su gano gida, tun da sun yi aiki ranar bikin. Ana kuma danganta sunan da akwatunan sadakar coci da ake buɗewa a raba wa matalauta. Dokar 1871 ce ta mai da ranar hutun banki a can, mu kuma muka gaji hutun daga Turawan mulki. Da ni aka ba fassarar, "ranar goron Kirsimeti" zan ce.

Wata uwa daga Kaduna: "Wane ne wannan tsoho mai jan kaya da yara ke kira Baba Kirsimeti?"

Uwargida, mutum biyu ne aka haɗa a riga ɗaya. Akwai Father Christmas na Ingila, wanda da farko alamar ci da sha ne na manya, ba ruwansa da yara. Akwai kuma Nikolas, bishop na garin Myra a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4. Labarin da ya fi shahara a kansa zai shiga ran duk uwar 'ya'ya mata: wani talaka ne da 'yan mata uku, ba shi da abin yi musu kayan ɗaki, Nikolas ya riƙa jefa masa ƙullin zinariya ta taga da dare don kada a san mai bayarwa. Ranar tunawa da shi 6 ga Disamba ce. Mutanen Holan suna kiransa Sinterklaas, sunan ya koma Santa Claus a bakin Amurkawa a New York. Wata waƙa ta 1823 ta ba shi keken ƙanƙara da barewa takwas, mai zane Thomas Nast ya ba shi tumbi da gida a can ƙuryar arewacin duniya, tallan Coca-Cola daga 1931 ya kafe kamannin. Masu cewa kamfanin ne ya ƙirƙiro jan kayan sun zarce, an zana shi da ja tun kafin nan.

Wani dattijo daga Wusasa: "Karin maganar nan, 'Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi', ya halatta in faɗa wa 'ya'yana a kan Kirsimeti?"

Baba, faɗa musu, har ka ƙara murya. Karin magana ba ta tambayar addinin mai bashi. Wawa a nan ba mahaukaci ba ne, shi ne wanda ya ci bashi don burgar yini guda, ya manta cewa sallah bikin ɗaya rana ce, ga kuɗin makaranta na jira a Janairu. Kuma ba kai ka fara wannan ƙorafin ba. A 1647 majalisar Ingila, ƙarƙashin masu tsananta addini da ake kira Puritan, ta soke bikin ɗungurungum, saboda a ganinsu babu shi a Littafi Mai Tsarki kuma shaye-shaye da almubazzaranci sun yi masa yawa. Sai da sarauta ta dawo a 1660 bikin ya dawo. 'Yan'uwansu na Massachusetts a Amurka sun sa tarar sule 5 a kan duk wanda aka kama yana bikin, daga 1659 har 1681. A Scotland kuwa ranar ba ta zama hutun gwamnati ba sai 1958, kafin nan mutane da yawa aikinsu suke fita kamar kowace rana.

Kai dai ba sai ka kai ga tara ba. Ka tambaye su ko telan da mai shinkafar an biya su.