Me ya sa ba mu fara da goge bodin ba?

Ɗana, jiya muna wanke hannu ka ce mini: "Maigida, mai tirelar nan sola yake so a rufi, da batirin litiyom, da sabon firji, da bodi mai sheƙi kamar madubi. To me ya sa sati biyu ke nan muna kwance a ƙarƙashinta muna kankare tsatsa?" Magariba ta yi, ban samu na amsa maka ba. Ga amsar.

Tirelar tafi-da-gidanka da ke gabanmu Airstream ce 'yar 1968, ƙafa 22. Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin a Kalifoniya, dabarar masu ƙera jirgin sama ya bi: fallayen alminiyom da aka ɗinke da dubban ribiti a kan haƙarƙari marasa nauyi. A 1959 ya ja ayarin irin waɗannan tireloli 41 daga Kef Tawun ta Afirka ta Kudu da nufin Alkahira. Har gobe ana ƙera su a Jackson Center da ke jihar Ohayo. Ka ga ba ƙaramin aiki aka yi mata ba tun asali.

Amma akwai abin da masu saye ba sa gani. A idonsu, dandamali wurin taka ƙafa ne kawai. A nan kuwa shi ne ƙugun ginin. Shasi na ƙarfe yana ƙasa, an shimfiɗa filawud a kansa, an zagaye gefen filawud ɗin da wani kwararo na alminiyom, bodin gaba ɗaya kuma a kan kwararon nan yake zaune. Kusoshin da suka haɗa bodi da shasi ta cikin katakon suka ratsa. Idan katako ya ruɓe, kusa ta yi sako-sako, sai bodi ya riƙa tafiyarsa dabam, shasi dabam. Kowane rami a hanya ribiti ne ke biyan kuɗinsa. Ka tuna da na sa ka tsaya a kan bamfar baya ka yi tsalle, muka ga shasi yana sauka bodi bai bi shi ba? Wannan ita ce cutar.

Ruwa ne ya jawo ta, kuma ba a rana ɗaya ba. Yana shiga ta bakin taga, ta fitilun baya, ta gindin ƙofa, ya gangara tsakanin bangon waje da na ciki inda ido ba ya kaiwa, ya kwanta a gefen katako. Audugar gilashin da aka cusa a ƙasa don hana sanyi ta sha shi ta riƙe, shasi ya yi ta tsatsa shekara da shekaru. Shi ya sa nake sa ka bi gefe-gefe da sukundireba kana caka. Tsakiyar ɗaki kan yi ƙarya, gefe ba ya yi. Inda wani ya taɓa shafa silikon kuma ka ƙara sa ido, don ba ya daɗewa manne da alminiyom, yana ɓoye yoyon ne kawai.

Saboda haka za mu ɗaga bodin, mu janye shasi, mu yanke ruɓaɓɓen ƙarfe mu yi walda, mu shafa fenti. Sabon filawud dole kaurinsa ya zo daidai da na asali. In ya ɗara ko ya gaza, ramukan ribiti ba za su haɗu ba in mun sauke bodi. Kada ka yar da tsohon katakon komai lalacewarsa, da shi za mu zana lanƙwasar kusurwoyi. Aksul ma sabo za mu sa, don nata ba sifirin ba ne, roba ce a cikin bututu, kuma robar da ta haura shekara 50 ta zama dutse.

Kayan zamani ba na ƙin su. Tsohuwar cajarta ba ta dace da litiyom ba, bututun gas kuma ba zan bar ko ɗaya tsoho ba, mutane za su kwana a ciki da 'ya'yansu. Sai dai kowane kaya da wurinsa. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela ya kamata ya sauka a kan ƙugiyar mota. Mai ita ya so tankin ruwa mai lita 100 a can baya ƙarƙashin gado. Kilo 100 ke nan a wutsiya, da ta ɗauki gudu za ta fara kaɗa motar da ke janta. Na ce masa sai dai kusa da aksul, ya yarda.

Gogewa ita ce ta ƙarshe, bayan an gama buga ribiti an feshe ta da ruwa an tabbatar ba yoyo. Kuma ba da samfefa ba, don fatar tsantsar alminiyom da ke sheƙin siririya ce ƙwarai, in ka cinye ta ba ta dawowa.

Gobe da safe ka zo da alli. Kafin mu cire ribiti ko ɗaya, kowane falle na bangon ciki sai ka sa masa lamba, ka ɗauki hotonsa a inda yake.