Amsoshin Tambayoyinku: Wace Jif Ce Ta Dace Da Jan Jirgin Ruwa?

Wani Alhaji daga Agege ya rubuto cewa ya sayi ƙaramin jirgin ruwa mai inji, wanda zai riƙa ɗorawa a kan tirela yana kaiwa Epe, kuma yana neman a zaɓa masa tsakanin Land Cruiser da Nissan Patrol da Chevrolet Tahoe.

Ranka ya daɗe, kafin ka taka Berger wurin dillalai, ka fara sanin nauyin abin da za a ja. Nauyin da mai sayar da jirgi yake faɗa galibi na gangar jikin jirgin ne kawai, sai ka ƙara na inji, da na tirelar kanta, da batura, da mai, domin lita 200 ta fetur kaɗai ta kusa kilo 150. Land Cruiser 200 da Patrol mai injin V8 duka an ƙayyade musu jan kilo 3,500, muddin tirelar tana da birkinta, kuma bai kamata ka riƙa kai mota ƙarshen iyakarta kullum ba. Tahoe ba ta gaza su ƙarfi ba, amma da yawa daga waɗanda ake shigowa da su daga Amurka tayoyin baya kaɗai ke ja, alhali gangaren da ake saukar da jirgi a bakin ruwa cike yake da gansakuka da santsi, inda ake buƙatar tayoyi huɗu su kama ƙasa tare da ƙaramar giya. Ni dai zan nuna maka Land Cruiser 200, ko 'yar uwarta Lexus LX 570, saboda kayan gyaransu suna nan a Ladipo kuma bakaniken da ya san su ba ya wuyar samu. Sai dai ka lissafa kuɗin mai da idon basira, tunda ka san yadda farashi ya koma bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Idan tokumbo ce, a ɗaga kafet a duba laka da tsatsa, a kuma bincika tarihinta ta lambar shasi, domin motocin da ambaliya ta cinye a waje suna ƙarewa a kasuwanninmu.

Wani matashi daga Obalende yana tambaya ko Camry ɗinsa za ta iya, tunda a cewarsa babu mai wuce shi a gadar Third Mainland. Ba za ta iya ba, ɗana. Gudu daban, jan kaya daban, kuma ka rage gudun.

Wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai ta wata Hajiya ce daga Idi-Araba. Maigidanta ya sayi Patrol wadda ba ta zo da ƙugiyar jan tirela ba, wani mai walda a unguwa ya ce zai haɗa masa ita a rana ɗaya da kuɗi kaɗan, ita kuwa hankalinta ya ƙi kwanciya saboda da yara ake tafiya.

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, tsoronki yana kan hanya, kuma ina fatan za ki miƙa wa maigida wannan amsa cikin lalama. Abin da ke ba ni takaici a garin nan shi ne mutum ya zuba miliyoyi a mota, ya zuba wasu a jirgi, sannan ya zo kan ƙarfen da zai haɗa su biyun ya fara neman araha, ya manta cewa araha ba ta ado. Ƙugiya ta asali da manyan notuna ake ɗaure ta a ramukan da kamfani ya tanada a jikin shasi, kuma akwai tambari a jikinta mai nuna iyakar nauyin da take ɗauka. Ta mai walda kuwa ƙarfen bola ne da aka shafa wa baƙin fenti. Za ta yi kyau a ido, har ranar da motar ta faɗa rami a hanyar Epe, waldar ta tsage, tan biyu ko uku na jirgi ya kama gabansa a tsakiyar jama'a. Ko ƙwallon da bakin tirela ke hawa a kai yana da awo: na Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi gani inci 2, wato milimita 50.8, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya sa bakin tirela ya riƙa wasa. A karanta lambar da aka buga a kan kowannensu, a tabbatar sun yi daidai, a kuma ɗaura sarƙoƙi biyu a gicciye a ƙarƙashi.

Jabun ba a nan ya tsaya ba. Takalmin birki na bogi yana zuwa cikin kwali mai sunan kamfani tsaf, amma da ya ɗauki zafi a ƙarƙashin nauyi sai ya daina kamawa. Haka man giya: jan kaya cikin cunkoson Legas yana dafa shi, na jabu kuma ba ya jurewa, daga nan sai giya ta fara zamewa, kuɗin gyaranta ya ninka abin da aka yi tattali sau da yawa. Maigida ya sayi waɗannan wurin dilan da zai ba shi rasit mai adireshi, ya tsaya a kan bakanike har a buɗe galan a gabansa. Duk ranar da aka dawo daga bakin ruwa kuma, a wanke ƙarƙashin mota da tayoyin tirela da ruwan famfo, saboda ruwan da ake saukar da jirgi a ciki a Legas yana iya ɗauke da gishiri, a sa a duba giris ɗin tayoyin tirelar kafin fita ta gaba.