Amsa: "One of my brothers are" ko "is"?

Ƙanena, ka tambayi dalilin da ya sa malaminku ya ja jan biro a kan "One of my brothers are in Daura", alhali "brothers" jam'i ne. Malam ya yi daidai, "is" ya kamata ka sa. Aikatau yana bin wanda ake magana a kansa ne, nan kuwa mutum ɗaya ne, wato "one". Ko da Hausa ai cewa kake "ɗaya daga cikin yayyena yana Daura", ba "suna Daura" ba.

Yaran da nake yi wa darasin yamma a Ƙofar Ƙaura, masu shirin WAEC da JAMB, nakan sa su ɗora yatsa su rufe "of my brothers", su karanta abin da ya rage da ƙarfi. Nan take kunnensu ke kama kuskuren. Amma ka kiyaye, wannan dabarar ba ta aiki a kan "a number of". "A number of students are absent" daidai ne, domin ɗalibai da yawa ake nufi. "The number of students" kuwa "is" yake ɗauka, tunda adadin ake magana a kai.