Ka fara da inji, katifa ta jira

Ka tambaye ni wane ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska za ka nuna wa mai neman jirgin fita da iyalinsa, kuma wane inji ya fi. Tsawo ba abin dogon zance ba ne: miji da mata da yara biyu ko uku, ƙafa 27 zuwa 32 ta ishe su. Duba tsagewar faiba da kusoshin da ke riƙe ƙarfen nauyi na ƙarƙashi kuwa, in har yanzu sai na koya maka, to zamanka a nan asara ne.

Inji ne maganar, yaro. Na fetur da ake ratayawa a baya yana da sauƙin sha'ani, ka kwance shi ka ɗauka a kafaɗa, amma iyakarsa jirgi mai ƙafa 25 ko 26. Ko ka sa mai doguwar ƙafa ta inci 25, da igiyar ruwa ta ɗaga bayan jirgi sai farfela ta fito tana juya iska, daidai lokacin da ake neman ta. Cajin batir ɗinsa ma bai taka kara ya karya ba. Na fetur da ke zaune a ciki, irin Atomic 4 na tsofaffin jiragen Amurka, tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi yana jiran tartsatsi. Ban yarda yara su kwana a kansa ba. Saura dizal. Lissafinsa ƙarfin doki 3 zuwa 4 ga kowane tan na nauyin jirgi, wato jirgi mai tan 5 yana son doki 15 zuwa 20. Ku yaran yanzu sai ku ce a ƙara. Jirgin da tsawonsa a saman ruwa ƙafa 25 ne, da ƙyar zai wuce mil 6.7 na ruwa a awa ko ka ninka masa inji, kuma dizal ɗin da ba ya shan aiki yana tara baƙin hayaƙi a ciki.

Sai yadda ƙarfi ke kaiwa ga farfela. Akwai dogon shaf da ke ratsa bayan jirgi: yana ɗan ɗigar ruwa, yana son saiti, amma duk abin da ya same shi kana gani. Akwai kuma seldiraib, ƙafar alminiyam da ke sauka ta wani babban rami a cikin jirgi, roba ce ke tare ruwa. Ba ta da ƙara, ba ta girgiza, shi ya sa masu saye ke son ta. Kamfanin Volvo Penta masu ƙera ta sun ce a canza robar duk shekara 7, kuma ba a canza ta sai an fitar da jirgi daga ruwa an gusa inji.

Wani ya taɓa kira na in duba masa jirgi mai irin wannan ƙafa. Na ce kada ya biya sai an ɗaga shi mun ga ƙasa. Ya ce kuɗin ɗagawa ɓarna ne, katifu sababbi ne, inji kuma ya tashi bugu ɗaya. Ai dole ya tashi, mai sayarwa ya riga ya ɗumama shi kafin su iso. Wata uku ba su cika ba ya jawo shi nan, giya na kuka. Da muka zuƙo man giya, fari ne kamar madara: zaren kamun kifi ya naɗe bayan farfela ya yanke sil ɗin da ke hana ruwa shiga giya, ruwan gishiri ya shiga. Ƙafar kuma wani gwani ya shafe ta da fentin ƙasan jirgi mai jan ƙarfe, ya haɗa har da zinkin da aka sa don tsatsa ta ci shi maimakon ƙafar. Jan ƙarfe da alminiyam a ruwan gishiri batir ne, kuma alminiyam ne ke narkewa. Duk jikinta ramuka, robar kuwa tun ta kamfani ce. Ya roƙe ni, na sayo sabuwar ƙafa da roba da kuɗin aljihuna, muka kwana huɗu a kai. Da aka mayar da jirgi ruwa sai ya ce wai yarana ne suka fasa tsohuwar wajen kwancewa. Asubar fari ya kwance igiya, har yau ko sallama.

Saboda haka in ka je dubawa, ɗora hannu a kan inji kafin a taɓa makulli. In da ɗumi, ka dawo gobe. Dizal mai lafiya yana tashi a sanyi cikin daƙiƙa kaɗan, kuma nan take ruwan da ke sanyaya inji ya fara tofowa ta salansa. In ya ƙi tashi, rufe famfon shigar ruwa kafin ka ci gaba da bugawa, don ruwan yana taruwa a tukunyar salansa ya koma kan fistin. Zaro sandar man giya ka dubi launinsa, nemi takardar ranar da aka canza roba. In babu takarda, ka cire kuɗin aikin daga farashi. Kuma kada ka sayo wa kowa kaya sai kuɗinsu ya shiga hannunka.