Haɗejiya: Ruwan sama kaɗan, ambaliya da yawa, ko alkama za ta yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina so in karɓi hayar gona a yankin Haɗejiya in gwada noman alkama. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ana cewa wurin zafi ne kuma ruwan sama ba shi da yawa, amma shekara ba ta cika wucewa ba mu ji ambaliya ta cinye gonaki ba. Yaya abin yake? Kuma alkama za ta jure wannan zafin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun da ka ji gaskiya ne, domin manomin Haɗejiya da ruwa iri biyu yake aiki: wanda ya sauka a kansa, da wanda ya sauka a wata ƙasar kogi ya kawo masa.

Na samansa kaɗan ne. A shekara yankin yakan samu milimita 600 ko kusa da haka, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, malka kuma a Agusta. Sauran watannin rana ce da iska, kuma abin da suke iya busarwa a shekara ya ninka abin da sama ke zubarwa wajen sau uku. Shi ya sa a jigawa, wato tudu mai yashi, gero, wake da riɗi ne abin dogaro, har wasu kan yi binne tun kafin ruwan shuka don kada kwana ɗaya na damina ya kuɓuce musu.

Ruwan ambaliya kuwa baƙo ne. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗejiya, ɗauke da ruwan kudanci da yammacin jihar Kano inda damina ta fi ƙarfi. Da ya iso nan sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, gudunsa ya ragu, ya rarrabu, ya bazu cikin fadamun da suka miƙa har Nguru. Saboda haka gero na iya yaushi a tudu a makon da shinkafa ke nutsewa a kwari. Abin da ya faru a 2020 da 2022 a Auyo, Kafin Hausa da Kiri Kasamma har yanzu bai bar bakin mutane ba.

Akwai hannun ɗan Adam a ciki, kuma nan ne abin ke damuna. Kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin kan cika da damina ya ƙafe da rani. Yanzu ana sako ruwa har da rani domin ban ruwa, magudanan ba sa bushewa, sai kacala, wata doguwar ciyawar ruwa, ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin, yashi da laka suka taru a gindinta, ruwa ya riƙa neman wata mafita ta cikin gonaki da ƙauyuka, wasu wuraren da suka saba samunsa kuma suka rasa. Ita ce dai maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu sauka kan shinkafa da alkama. Duk wanda ya ce maka ambaliyar nan yawan ruwan sama ce kawai, rabin labarin ya ba ka.

To, alkama. Ba ta jure zafin Haɗejiya, guje masa ake yi. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan haura 40, amma daga Disamba zuwa farkon Fabrairu hunturu kan sauko da shi da dare zuwa 15 ko ƙasa da haka. Wannan ɗan tsakanin shi ne jarinka gaba ɗaya. Irin da ake shukawa yana ɗaukar wata uku da 'yan kwanaki, kuma lokacin da ya fi buƙatar sanyi shi ne daga fitar da kai zuwa cikar ƙwaya. In ka shuka tsakanin tsakiyar Nuwamba da farkon Disamba, za ta cika ƙwaya cikin sanyi. In ka kai Janairu, zafin Maris zai riske ta tana madara, ƙwayar ta motse, buhu ya yi sakayau. Taki ba ya gyara wannan, ƙarin ruwa ma ba ya gyarawa.

Don haka kada ka zaɓi gona da rani, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi kyau a ido. Je ka gan ta a Satumba, ka koma ƙarshen Oktoba. In har lokacin ruwa na kwance a cikinta, ko shinkafar mai gonar ba ta kusa yanka ba, alkamarka ta makara tun ba ka sayi iri ba. Gara ka yi shinkafar rani ko tattasai a wurin. Tambayi maƙwabtan gonar iya inda ruwa ya kai a 2022, sun fi mai ba da haya faɗin gaskiya. Duba fuskar ƙasar kuma: in ka ga fari-fari kamar kanwa, gishiri ne da rana ta bari bayan ta shanye ruwa, alama ce magudana ba ta aiki.

Saura ruwan ban gona. Alkama na son sha kusan kowane mako zuwa kwana goma, a ƙasa mai yashi ma fiye da haka. In gonar na cikin aikin ban ruwa na Auyo, wanda Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are ke kula da shi, ka binciki ko ruwan layinka na isowa a kan kari. In da inji za ka ja daga kogi ko rijiya, sa kuɗin mai na dukan lokacin a lissafi tun yanzu. A shekarar farko kuma kada ka wuce kadada ɗaya ko biyu.