Neman gidan haya a Jamus ga sabon zuwa

Malam, ka ce ka sauka Jamus, masu gida na ta tambayar takardar Schufa, kai kuma ba ka da ita. Haka abin yake, takardar tarihin bashi ce, baƙo ina zai samo tarihi? Fara da ɗaki a gidan haɗaka, shafin intanet na WG-Gesucht cike yake da su. Amma ka tabbatar mai gidan zai ba ka takardar yin rajistar adireshi, domin doka ta ba ka mako 2 kacal bayan tarewa.

Kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa a matsayin jingina ba ya wuce hayar wata 3, ban da kuɗin ɗumama gida da sauran kuɗaɗen hidimar gida. Wanda ya ce yana ƙasar waje, ka turo kuɗi ya aiko makulli, ɗan damfara ne. Kuma ka leƙa kicin, wani gidan ko murhu babu, sai bututun ruwa a bango.