Silif Ɗin Injekta: Amsoshin Tambayoyin Masu Manyan Motoci

Tambayoyin wannan karon duk sun taru ne a kan ɗan gajeren bututun nan da injekta, wato abin da ke fesa mai cikin silinda, ke zama a cikinsa a kan silinda na manyan injinan dizal, wanda kanikawa ke kira silif, wasu kuma su ce kofin injekta. Aikinsa shi ne raba injekta da ruwan sanyaya inji da ke zagayawa cikin hed, wato ƙarfen da ya rufe saman silinda. Ruwan yana bugun bayansa yana kwashe zafi, amma ba ya taɓa injekta, ba ya haɗuwa da mai, ba ya kuma sauka cikin silinda.

"Tirelata mai injin Caterpillar C15 ce. Na buɗe tankin ruwa na ji warin dizal, ga mai yana yawo a saman ruwan, tiyo ma ya yi laushi. Wani makanike ya ce gaskit ne, wani ya ce hed ya tsage in nemi wani hed. Wanne zan saya?"

Alhaji, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. A irin wannan injin, hanyar dizal a cikin hed aka huda ta, tana bi ta jikin kowace injekta, ba ta ratsa gaskit. Saboda haka in dai dizal ne a cikin ruwa, da wuya a ce laifin gaskit ne. Inda mai da ruwa suka fi kusantar juna shi ne jikin silif da zoben robar da ke samansa. Hed na iya tsagewa, gaskiya ne, amma ba daga nan ake fara bincike ba.

Ka fara tabbatar da cewa dizal ɗin ne. Baƙin mai idan ya shiga ruwa yakan yi kauri ya yi yauƙi, kuma galibi daga na'urar sanyaya baƙin mai yake fitowa. Dizal ba shi da kauri, warinsa kuma ba ya ɓuya.

Abin da ke faruwa shi ne: muddin inji na aiki, matsin dizal a cikin hed yakan kai bar 4 zuwa 6 (bar ma'aunin matsi ne), na ruwa kuwa bai cika wuce bar 1 ba, sai mai ya fi ƙarfi ya kutsa ta tsagar. Da an kashe inji sai abin ya juye, matsin mai ya faɗi, ruwa kuma yana nan da zafinsa da matsinsa, sai shi ma ya bi ta wannan tsaga ya shiga hanyar mai. Don haka a tsiyaye ƙasan filtar mai a cikin kwalba mai haske a duba. Idan ruwa mai launi ya kwanta a ƙasa, an kama hanya.

Gwajin da ke raba gardama ba shi da wahala. A cire injektoci, a goge cikin kowane silif ya bushe ƙarau, a ɗaura famfon gwaji a bakin tankin ruwa a ba shi matsi daidai da abin da ke rubuce a murfin. Sai a haska tocila rami bayan rami, a yi haƙuri. Wanda ya tsage za ka ga ɗan ɗigo ya tsattsafo a bangonsa, ya yi girma a hankali, ya gangara. Idan duk sun tsaya a bushe amma allurar famfon tana sauka, a lokacin ne za a yi maganar sauke hed a kai shi gwajin matsi.

Bayan gyara akwai sauran kashe kuɗi, gara ka sani tun yanzu. Dizal yana kumbura robar tiyo da sauran robobin hanyar ruwa. Tiyon da ya yi laushi ya gama aiki, a canza shi, a canza murfin tanki, a kuma wanke lagireto da hanyoyin ruwa har sai warin ya tafi.

"Volvo D13 gare ni. Da safe sai na yi ta buga famfon hannu kafin ta tashi, kuma tana amayar da ruwa idan ta ɗauki kaya. An ce silif ɗin lamba uku ne. In canza shi kaɗai ko duka shida? Kuma na jan ƙarfe ya fi ko na ƙarfe marar tsatsa?"

Malam, alamun naka sun yi daidai da yoyon ƙasan silif, wurin da bakin injekta ke zama. Wannan ba baƙon abu ba ne a D13, haka ma a Mack MP8, domin tushen injinan ɗaya ne. Matsin ƙonewar mai a cikin silinda yana haura bar 150. Idan mazaunin ya ɗan saki, iskar nan sai ta hauro. Wadda ta shiga hanyar mai ita ce ke sa ka bugun famfo da safe, wadda ta shiga ruwa kuma ita ce ke tura shi waje. Idan aka zaro injektar lamba ukun, duba jikinta daga baki zuwa sama. Za ka ga layin kunkunniya baƙi ƙirin, wani lokaci har robar ƙasa ta ƙone ta yi tauri.

Ni dai duka shida zan ce. Zafi ɗaya suka sha, tafiya ɗaya suka yi, kuma babban aikin shi ne sauke murfin saman inji, kwance roka (ƙarafan da ke danna bawul da injekta), zubar da ruwa da sake saiti. In an yi wannan duka don guda ɗaya, bayan 'yan watanni lamba biyar ta saki, an koma gidan jiya. Sai fa idan ba a daɗe da canza su ba, ɗaya ne kawai aka saka ba daidai ba.

Kada a manta da injektar kanta. Iskar da ta daɗe tana wucewa tana cin bakin injekta kamar yadda take cin silif. Idan wurin zamanta ya zaizaye, sabon silif ba zai riƙe ta ba, komai kyansa.

Batun jan ƙarfe da ƙarfe marar tsatsa kuwa, kowanne da inda ya fi. Jan ƙarfe yana kwashe zafi fiye da ƙarfe marar tsatsa ninki ashirin da wani abu, ga shi da laushi, idan aka buɗa shi da kayan aiki sai ya lafe a jikin ramin ya toshe ko'ina. Shi ya sa Cummins N14, da Detroit Series 60 na farko-farko, da WD615 na motocin HOWO duk suka yi amfani da shi. Laushin nan kuma shi ne rauninsa, don yana lotsawa yana zaizayewa idan matsi ya yi yawa. Ƙarfe marar tsatsa ya fi jure matsi da lalatar ruwa, kuma da yake injinan zamani matsinsu ya ƙaru, kamfanoni da dama sun koma gare shi.

Sai dai wannan ba zaɓin mai mota ba ne. Volvo ta sauya fasalin silif ɗinta fiye da sau ɗaya: akwai mai shimfiɗaɗɗen mazauni, akwai mai siffar mazurari, kuma dole bakin injekta ya dace da irin mazaunin. A ido suna kama da juna, a cikin hed kuwa ba sa shiga wa juna. Ka ɗauki lambar injin da ke buge a jikin bulok, da lambar da ke jikin injekta, ka je da su wurin saye. Sunan mota da shekararta kaɗai ba su isa ba.

"Ina da motoci uku. Dillali ya kawo mini silif na kamfani da kuma wani mai sauƙin kuɗi, ya ce duk ɗaya ne. Haka ne?"

Hajiya, wani lokaci haka ne, wani lokaci ba haka ba. Akwai kamfanonin da aka sani da ƙera kayan gyaran manyan injina, irin su IPD, PAI da Interstate-McBee, kayansu na zuwa da suna da lamba da za a iya bin sawu. Wanda nake gudu shi ne wanda ya zo a leda ba suna ba lamba. A duk kuɗin wannan aiki silif ne mafi ƙanƙanta, to me za a rage a kansa? Ki sa makanikenki ya jera sabon kusa da tsohon, ya auna tsayi da faɗi da kaurin bango da ma'auni. Zoben roba kuma a saye shi tare da silif ɗin, kada a zaɓo mai kama da shi daga akwatin robobi, domin ba kowace roba ce ke jure zafi da dizal ba. Wanda aka ciro kuwa ba ya komawa, ko da ya yi kyau a ido.

"Ban daɗe da buɗe garejina ba. Kayan cire silif da saka shi suna da tsada. Dole ne sai na saya? Kuma za a iya aikin ba tare da an sauke hed ba?"

Ƙanena, dole ne. Na sha ganin silif da aka buga da guntun bututu da guduma: bakinsa ya lanƙwashe, robar ta yage tun wurin shiga, motar ta dawo da yoyon da ya fi na da. Mai motar ba zai ce kayan aiki ne babu ba, cewa zai yi hannunka ne.

Amma ba sai ka tara na kowane inji ba, don hanyoyin sakawa sun bambanta. A Caterpillar ana tura shi ne da ƙarfen da aka yi daidai bakinsa, bayan an shafa maganin toshewa a inda littafin injin ya nuna, sannan a bar shi ya kama kafin a zuba ruwa. A Volvo ana buɗa ƙasansa da wani ƙarfe da ake ratsawa ta cikinsa. Na Detroit DD15 haƙora gare shi, ɗaura shi ake yi. Ka sayi na injin da ya fi shigo maka, sauran ka ara ko ka tura wa wanda yake da su.

Caterpillar da Volvo ana iya yin su hed yana kan inji. Na jan ƙarfe irin na N14 da tsohon Series 60 sun fi son a sauke, domin bayan an buɗa silif sai an gyara mazaunin da abin yanka, a kuma auna yadda bakin injekta ya leƙo ta ƙasan hed. Idan ya leƙo da yawa ko ya gaza, feshin mai ba zai faɗa inda ya kamata a kan fistin ba, sai hayaƙi da shan mai.

In za ka yi a kan inji, ka zubar da ruwa da man da ke cikin hed tun kafin ka taɓa komai. Wurin cirewa ana yanka haƙora a cikin tsohon silif don a sami abin ja, to ka toshe ƙasan ramin, ka shafa giris a jikin abin yankan ya riƙe ɓarɓashi. Ka goge ramin da buroshi har ƙarfen ya fito fes, ka duba ko tsatsa ta ci wurin zaman roba. Kafin ka mayar da injekta, ka zuƙe duk abin da ya zuba cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa, kaɗan ya isa ya lanƙwasa kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, da bugun sitata ɗaya.

Kusar da ke danne injekta kuma a ɗaure ta da sifana mai awo, daidai adadin da littafi ya faɗa, a sa sabuwa inda kamfani ya ce a sa. Idan ta yi sako-sako injekta za ta riƙa motsi a mazauninta, kuma daga nan yawancin yoyon ƙasa ke farawa.

"Na sami hed na hannu da silif ɗinsa a ciki. In ɗora haka?"

A'a, Malam. Ba ka san irin ruwan da ya sha ba. Ruwa zalla marar magani yana cin silif ta baya, inda ido ba ya gani sai an zaro. Tunda hed ɗin yana ƙasa, yanzu ne aikin ya fi sauƙi: a kai shi gwajin matsi, a duba ko fuskarsa ta karkace, a saka sababbi duka, a sake gwadawa. Idan an ɗora, ka zuba ruwan sanyaya inji irin wanda kamfanin ya ambata, kada ka gauraya iri biyu.